Sallamawa da salama: miƙa wuya ga nufin Allah da batun takobi wajen Anabaftis na Turai a ƙarni na 16

Gabatarwa

Kalmomin nan biyu, sallamawa da salama, ƴan ɗaki ɗaya ne. Dukansu daga Larabci Hausa ta aro su, daga tushen da ya ba da kalmar Musulunci. Mutum yakan sallama idan ya saki abin da ke hannunsa ya daina jayayya. Salama kuwa ita ce kwanciyar rai da zaman lafiya, kuma ita ce kalmar da masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka riƙe tun fassarar 1932. Saboda wannan kusanci, yana da sauƙi a gare mu mu ɗauka cewa duk inda aka miƙa wuya ga Allah, zaman lafiya na biye.

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu auna wannan zato da ma'aunin tarihi. Mun zaɓi Kiristocin da ake kira Anabaftis, wato masu sake baftisma, waɗanda suka ɓullo a ƙasashen Suwis da Jamus da Holand daga shekarar 1525. Dalilinmu shi ne, a tarihin Kiristanci da wuya a sami mutanen da suka ɗaure miƙa wuya da ƙin zub da jini tamau kamar yadda waɗannan suka yi, har suka biya da rayukansu. Amma a cikin shekaru goma ɗin nan dai, daga 1525 zuwa 1535, an sami wasu da suka riƙe aƙidar miƙa wuya hannu biyu, ta kai su fagen fama. Tambayar da muke neman amsarta ita ce: mene ne ya raba waɗannan da waɗancan? Abin da za mu nuna shi ne, miƙa wuya kaɗai bai isa ba. Ya zama tushen salama ne a wurin waɗanda suka sallama har da abin da ya fi wuyar saki, wato da'awar cewa su ne hannun da Allah zai hukunta wasu da shi.

1. Asalin aƙidar

Kalmar da za mu riƙa fassarawa da sallamawa, Gelassenheit ake ce mata da Jamusanci. Ta samo asali daga aikatau mai ma'anar bari ko saki. Waɗanda suka fara ba ta nauyin addini su ne wasu masu wa'azi na ƙarni na 14 da za mu iya kira sufayen Kirista: Meister Eckhart, wanda ya rasu wajen 1328, da Johannes Tauler na birnin Strasbourg, wanda ya rasu a 1361. Dukansu ƴan ɗariƙar Dominik ne, kuma sun yi wa'azi da harshen jama'a, ba da Latin kaɗai ba. Koyarwarsu ita ce, abin da ke shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa shi ne nufin mutum na kansa. Sai zuciya ta wofinta daga son kai kafin nufin Allah ya sami wurin zama a cikinta. Abin koyinsu shi ne addu'ar da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi a lambun Gatsemani daren da aka kama shi, inda ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke tafe, sa'an nan ya fifita nufin Allah a kan nasa.

A wancan zamani sallamawa al'amari ne na cikin zuciya, na ƴan zuhudu maza da mata, ba ruwanta da siyasa. Abin da ya fito da ita fili shi ne injin ɗab'i da guguwar gyaran addini da Martin Luta ya tayar a 1517. Luta da kansa ya buga wani ɗan littafi na koyarwar waɗannan sufaye, wanda aka sani da Tauhidin Jamus, sashensa a 1516, cikakkensa a 1518. Abokin aikinsa a jami'ar Wittenberg, Andreas Karlstadt, ya yi rubutu biyu a kan sallamawa, a 1520 da 1523. Ta haka kalmar ta fita daga gidajen zuhudu ta shiga bakin masaƙa da maƙera da manoma. Nan ne tambayar da ba ta dami sufaye ba ta taso: wanda ya sallama wa Allah, yaya zai yi da sarki, da haraji, da takobi?

2. Amsoshi uku a zamanin yaƙin manoma

A 1524 da 1525 talakawan karkara na kudanci da tsakiyar Jamus suka yi tawaye. Sun gaji da aikin tilas a gonakin iyayen ƙasa, da nauyin ushiri, da hana su itace da kamun kifi da farauta a dazuzzuka da kogunan da suke ganin na kowa ne. A watan Maris 1525, a garin Memmingen, suka tsara buƙatunsu cikin ƙa'idoji 12, suna kafa hujja da Littafi Mai Tsarki. A cikin wannan ruɗani aka ba da amsoshi uku ga tambayarmu, kowace da sunan nufin Allah.

Amsa ta farko ta Luta ce. Tun 1523 ya bayyana cewa Allah na mulkin duniya ta hanya biyu: ta Kalmarsa a kan zukata, ta takobin mahukunta a kan miyagu. A kan abin da ya shafi kansa, Kirista ya jure zalunci. Amma domin kare maƙwabci yana iya zama alƙali ko soja, ko ma hauni. Hujjarsa tana cikin sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wadda ta koyar da cewa iko daga Allah yake. Da farkon tawayen Luta ya tsawata wa sarakuna a kan zaluncinsu, amma da jini ya fara zuba, a watan Mayu 1525, sai ya fitar da wata takarda mai zafi yana kiran sarakuna su murƙushe ƴan tawaye ba tausayi. A wannan fahimta, miƙa wuya ga Allah ya zama biyayya ga mai mulki.

Amsa ta biyu ta Thomas Müntzer ce, malamin da ya sha karatun Tauler. Babu wanda ya fi shi nanata sallamawa a zamaninsa. Ya koyar da cewa bangaskiya ta gaskiya ba ta samuwa sai Allah ya farfasa zuciya da wahala ya wofintar da ita. Amma ya ƙara wani mataki: wanda aka wofintar ya zama kayan aiki a hannun Allah, kuma lokacin raba alkama da zawan ya yi. A watan Yuli 1524, a Allstedt, ya yi wa sarakunan Saksoni wa'azi cewa su zare takobi a kan marasa tsoron Allah, in ba haka ba za a karɓe shi daga hannunsu. A ranar 15 ga Mayu 1525 yana tare da rundunar manoma a Frankenhausen lokacin da sojojin sarakuna suka auka musu. An kashe manoma fiye da 5,000 a yini ɗaya, shi kuma aka kama shi, aka azabtar da shi, aka fille masa kai ranar 27 ga watan. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda suka mutu a yaƙin duka tsakanin 70,000 da 100,000.

Amsa ta uku ta fito ne daga Zurik, a ƙasar Suwis, wajen wasu samari almajiran Ulrich Zwingli, jagoran gyaran addini a birnin. A watan Satumba 1524 Conrad Grebel da abokansa suka rubuta wa Müntzer wasiƙa. Sun yaba masa a kan wasu rubuce-rubucensa, suka kuma gargaɗe shi cewa ba a kare Linjila da takobi, mabiyanta ma ba su kare kansu da shi, domin matsayinsu na tumaki ne a tsakiyar kyarketai. Ranar 21 ga Janairu 1525 suka yi wa juna baftisma a matsayin manya. A idon hukuma wannan laifi ne babba, domin baftismar jarirai ita ce ƙofar shiga coci da shiga jama'ar gari a lokaci guda. Wanda ya ƙi ta ya ce ke nan coci daban, gari daban. A watan Maris 1526 majalisar birni ta yanke cewa hukuncin mai sake baftisma nutsarwa ne, kuma ranar 5 ga Janairu 1527 aka nutsar da Felix Manz a kogin Limmat.

3. Schleitheim da shari'ar Sattler

Bayan an ci manoma da yaƙi, an kuma fara kashe jagororin Zurik, ƙungiyar tana gab da watsewa. Ranar 24 ga Fabrairu 1527 wasu daga cikinsu suka taru a ɓoye a ƙauyen Schleitheim, kusa da iyakar Suwis da Jamus, suka amince da ƙa'idoji bakwai. Wanda ake ɗauka shi ya tsara su shi ne Michael Sattler, tsohon ɗan zuhudu na ɗariƙar Benedik. Ƙa'idojin sun shafi baftisma, da ware mai laifi daga jama'a, da jibin Ubangiji, da rabuwa da al'amuran duniya, da makiyayan ikilisiya, da takobi, da rantsuwa.

Ƙa'ida ta shida, ta takobi, ita ce ta fi shafar nazarinmu. Ba ta musanta cewa Allah ne ya kafa hukuma domin horon mugu da kare nagari ba. A nan sun yarda da Luta. Inda suka rabu da shi shi ne, sun ce wannan tsari yana wajen kamalar Almasihu. A cikin ikilisiya babu hukuncin da ya wuce gargaɗi da warewa. Kirista ba ya ɗaukar makami, ba ya yanke hukuncin kisa, ba ya karɓar sarauta. Abin lura shi ne irin hujjar da suka kawo. Ba su ce Ruhu ya faɗa musu a mafarki ba. Sun koma ga abin da Linjila ta ba da labari Yesu ya yi: da aka kawo masa matar da aka kama da zina bai sa an jefe ta ba, da aka nemi ya raba gado tsakanin ƴan'uwa ya ƙi, da aka so a naɗa shi sarki ya gudu. A wurinsu nufin Allah abu ne da aka riga aka gani a rayuwar mutum ɗaya, kowa na iya karantawa ya gwada da'awar kowane malami da ita. Wannan shi ne bambanci na farko tsakaninsu da Müntzer, wanda ke neman nufin Allah a cikin muryar da yake ji a zuciyarsa.

Ba a daɗe da taron ba aka kama Sattler a garin Horb, aka gurfanar da shi a Rottenburg cikin watan Mayu 1527. Yankin na ƙarƙashin Fardinan na Ostiriya, ƙanen Sarki Sharl na 5. Domin a gane nauyin ɗaya daga cikin tuhumce-tuhumcen, sai a tuna cewa ranar 29 ga Agusta 1526 rundunar Sarkin Turkawa Sulaiman ta ragargaza sojojin Hangari a Mohács, sarkin ƙasar ya mutu a wannan rana, kuma a 1529 Turkawa suka kewaye birnin Biyana kansa. Turai duka tana cikin tsoro. An tuhumi Sattler da cewa ya hana a yaƙi Turkawa. Bai musanta ba. Bisa ga labarin shari'ar da mabiyansa suka adana, ya amsa cewa idan Turkawa suka zo bai kamata a tare su da makami ba, tun da an hana kisa. Abin yi shi ne a roƙi Allah ya zama kariya. Ya ƙara da cewa da yaƙi halal ne, da ya gwammace ya yaƙi masu kiran kansu Kirista suna kashe bayin Allah, domin Baturke bai taɓa da'awar bin Almasihu ba, su kuwa sun yi.

Kada mu ɗauki wannan magana a matsayin ƙaunar Musulunci, domin Sattler na kallon Turkawa da idon mutanen zamaninsa. Muhimmancinta shi ne, a lokacin da Katolika da Furotesta suka haɗu a kan cewa tare Turkawa wajibi ne, an sami Kirista da ya ce dokar hana kisa ta haɗa har da abokin gaba mai wani addini. An yanke masa harshe, aka ƙona naman jikinsa da awartaki mai zafi, aka jefa shi wuta. Bayan ƴan kwanaki aka nutsar da matarsa Margaretha a kogin Neckar. A 1529 majalisar daula da ta zauna a Speyer ta mayar da kisan Anabaftis doka a duk faɗin daular, da yardar ɓangarorin biyu.

4. Masu takobi, masu sanda, da masarautar Münster

Ba duk Anabaftis ne suka bi Schleitheim ba. Balthasar Hubmaier, wanda ya fi su duka zurfin karatu, ya sami mafaka a Nikolsburg ta ƙasar Morabiya, inda mai garin kansa ya karɓi baftisma. A 1527 ya rubuta littafi a kan takobi yana cewa Kirista na iya mulki, yana iya kare marar ƙarfi, kuma gara mai mulki ya zama mai tsoron Allah. Jama'ar garin ta rabu biyu: masu takobi, da masu sanda, wato waɗanda ba su riƙe kome sai sandar matafiyi. A 1528, shekarar da aka ƙona Hubmaier a Biyana, aka kori masu sanda, manya wajen 200. A kan hanya suka shimfiɗa mayafi a ƙasa, kowa ya zuba abin da ya mallaka. Daga cikinsu aka sami jama'ar da ta ɗauki sunan Jakob Hutter, wanda aka ƙona a Innsbruck a 1536. A wurin Hutterawa sallamawa ta haɗa da dukiya: wanda bai iya sakin aljihunsa ba, bai saki nufinsa ba. Sun ƙi biyan harajin yaƙi, maƙeransu kuma sun ƙi ƙera makamai.

Akwai kuma matsayi na tsakiya, wanda a ganinmu ya fi kowane haɗari. Hans Hut, wanda ya ga Frankenhausen da idonsa kafin ya zama Anabaftis, ya koyar da cewa a bar takobi cikin kube, amma na ɗan lokaci. Ya yi hasashen ƙarshen zamani a 1528, lokacin da tsarkaka za su hukunta azzalumai. Wannan haƙuri ne mai wa'adi. Hut ya mutu a kurkukun Augsburg a 1527, amma irin tunaninsa bai mutu ba. A arewa, Melchior Hoffman ya yi hasashen dawowar Almasihu a 1533. Shi kansa bai kira mabiyansa su ɗauki makami ba, sai dai waɗanda suka gaje shi sun yi.

A watan Fabrairu 1534 Anabaftis suka karɓi mulkin birnin Münster a arewa maso yammacin Jamus (kada a rikita sunan birnin da na Müntzer). Jagoransu, Jan Matthijs, mai gasa burodi daga Haarlem, ya ce birnin shi ne sabuwar Urushalima. Aka kori duk wanda ya ƙi baftisma. Da aka kashe Matthijs a wata fita da ya yi wa masu kewaye da birnin, sai wani tela, Jan na Leiden, ya gaje shi, ya tilasta auren mata da yawa, ya naɗa kansa sarki a kan gadon Dawuda. A watan Disamba 1534 malaminsu Bernhard Rothmann ya fitar da littafi a kan ramuwa, yana cewa zamanin jurewa ya wuce, zamanin ɗaukar fansa ya zo. Bishop Franz von Waldeck, da taimakon sarakunan Katolika da na Furotesta, ya ci birnin a watan Yuni 1535 bayan yunwa ta gama da mutane. A watan Janairu 1536 aka kashe jagorori uku, aka rataye gawawwakinsu cikin kejin ƙarfe a hasumiyar cocin Lamberti. Kejin na nan rataye har yau.

Mutanen Münster ba su ga kansu a matsayin masu bijire wa Allah ba. Sun ba da dukiyarsu, sun bar garuruwansu, sun yi biyayya har mutuwa. Sun sallama kome, ban da abu ɗaya: matsayin mai zartar da hukuncin Allah. Wannan shi ne bambanci na biyu.

5. Menno Simons da Dirk Willems

Wanda ya tattara ragowar Anabaftis na arewa bayan wannan masifa shi ne Menno Simons, limamin Katolika a ƙauyen Witmarsum na Holand. A 1535 wasu mabiya tafarkin Münster, su wajen 300, suka mamaye wani gidan zuhudu da ake kira Oldeklooster, ba nisa da ƙauyensa, aka karkashe su. Abin ya girgiza shi: ga talakawa ɓatattu sun ba da ransu a kan kuskure, shi kuwa da yake ganin ya san gaskiya yana zaune cikin daɗi. A watan Janairu 1536 ya bar muƙaminsa ya shiga rayuwar ɓuya. A 1542 Sarki Sharl ya sa ladan tsabar zinariya 100 ga wanda ya kama shi, amma ba a kama shi ba har ya rasu a 1561. Koyarwarsa ita ce makaman Kirista su ne Kalmar Allah da haƙuri, ramuwa kuwa ta Allah ce shi kaɗai, kuma babu wani sabon zamani da zai shafe wannan kafin ranar hisabi. Daga sunansa aka sami Menonawa.

Labarin da ya fi kowane bayyana wannan tafarki shi ne na Dirk Willems, mutumin Asperen. A 1569, lokacin da Holand ke ƙarƙashin mulkin Sipaniya, aka tsare shi saboda baftisma. Ya tsere, ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar. Ƙanƙarar ta ɗauke shi, amma ta fashe da dogarin da ke bin sa. Da Dirk ya ji ihun mutumin, sai ya juyo ya jawo shi waje. Bisa ga littafin Madubin Shahidai, wanda Thieleman van Braght ya wallafa a 1660, dogarin ya so ya sake shi, amma magajin gari ya tuna masa rantsuwar aikinsa, sai ya kama wanda ya cece shi. Aka ƙona Dirk ranar 16 ga Mayu 1569.

A bakin wannan tafki an ga miƙa wuya iri biyu. Dogari ya miƙa wuya ga rantsuwarsa da shugabansa, ya danne abin da zuciyarsa ta gaya masa. Dirk kuwa ba mai zaman jiran ƙaddara ba ne, tun da ya gudu lokacin da ya sami hanya. Da yana cikin masu tunanin Münster, da ya ce Allah ne ya nutsar da maƙiyinsa, ya ci gaba da tafiyarsa. Bai ba kansa ikon fassara faɗuwar wani a matsayin hukuncin Allah ba.

6. Gardamar masana da iyakar aƙidar

A 1944 Harold Bender, masanin tarihi Bamenone na Amurka, ya wallafa wata maƙala da ta yi tasiri ƙwarai, inda ya nuna cewa Anabaftis na gaskiya a Zurik aka haife su, masu ƙin yaƙi tun ranar farko, Müntzer da Münster kuwa bare ne. A 1972 James Stayer ya fitar da littafi a kan Anabaftis da takobi wanda ya rushe wannan hoto. Shi da wasu abokan aikinsa sun nuna cewa ƙungiyar tushenta da yawa, kuma wasu Anabaftis na farko sun goyi bayan manoma ƴan tawaye, misali a garin Waldshut inda Hubmaier ya yi aiki. Ashe ƙin takobi bai zama ƙa'ida tabbatacciya ba sai bayan an sha kashi.

Wannan ya kawo zargin cewa sallamawar Schleitheim haƙurin dole ne, irin na wanda ba shi da ƙarfi. Mun yarda akwai gaskiya a ciki. Amma tarihi cike yake da waɗanda aka ci da yaƙi suka koma wasa wuƙa a ɓoye, kuma Hut da Rothmann misali ne. Abin da Schleitheim da Menno suka yi dabam shi ne sun cire wa haƙurinsu wa'adi.

Akwai kuma tambayar Hubmaier, wadda ba mu ga an ba ta amsa mai gamsarwa ba: idan ana kashe maƙwabcinka a gabanka, ƙin ɗaukar makami ƙauna ce ko sakaci? Menonawa sun rayu ƙarni da ƙarni a ƙarƙashin kariyar takobin wasu. Daga 1789 suka fara ƙaura zuwa daular Rasha bisa alkawarin ba za a sa su aikin soja ba. Da wannan kariya ta rushe, a 1918 da 1919, wasu samarinsu a Yukiren suka kafa rundunar kare kai domin tare mayaƙan Nestor Makhno. A Jamus kuwa Menonawa sun riga sun saki ƙa'idar, da yawansu suka shiga sojan Hitila. A cikin gida ma sallamawa ta sha zama bulala a hannun dattawa. Tun shekarun 1550 aka yi ta rabuwa a kan ko mace za ta ƙaurace wa mijinta idan ikilisiya ta ware shi. Wanda ya saba da cewa nufin kansa abin zargi ne, yana da wuya ya ce wa shugabansa a'a.

Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba. A 1918 wasu ƴan'uwa biyu Hutterawa, Joseph da Michael Hofer, suka mutu a kurkukun soja na Leavenworth a Amurka bayan azabar da suka sha saboda sun ƙi sa kakin soja. A watan Oktoba 2006, da wani mutum ya harbe ƴan mata biyar har lahira a wata makarantar Amish, wani reshe na Anabaftis, a jihar Pensilbaniya, jama'ar suka je wa iyalinsa ta'aziyya, suka halarci jana'izarsa. A 2010 kuma, a Stuttgart, Tarayyar Luterawa ta Duniya ta roƙi gafarar Menonawa a kan zaluncin ƙarni na 16.

Kammalawa

Mun ga cewa a cikin tsara ɗaya, da littafi ɗaya, kusan da kalma ɗaya, miƙa wuya ga nufin Allah ya haifi abu uku: biyayya ga sarki ko da yana yanka talakawa, yaƙi da sunan tsarkake duniya, da ƙin zub da jinin kowa. Saboda haka bai ishi mai nazarin tarihi ya ji mutum ya ce ya sallama wa Allah ba. Sai ya tambaya a ina mutumin yake karanta nufin Allah, wa ke da ikon ce masa ya yi kuskure, kuma ko haƙurinsa na da ranar ƙarewa.

Anabaftis na tafarkin Schleitheim sun amsa waɗannan tambayoyi da cewa nufin Allah a rayuwar Almasihu ake karanta shi, jama'a ce ke gwada kowace da'awa, hukunci kuma na Allah ne har abada. Amsarsu ba ta warware matsalar mulki ba, ba ta kuma tsare su daga kuskure ba. Amma ta sa mutum ya juya a kan ƙanƙara ya miƙa wa mai farautarsa hannu. Muna fatan ɗalibanmu za su ɗauki waɗannan tambayoyi uku su gwada su a kan wasu ƙungiyoyin addini da suke nazari, na kowane zamani da kowace ƙasa.